Gadon Bayan Labule

Duk layin babu wanda zai faɗa maka sunanta na gaskiya ba tare da ya tsaya sosa ƙeya ba. Ba-Komai ake ce mata, yara da manya, kuma ita ta jawo wa kanta. Tela ce. Shagonta na ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, ɗakinsu ita da mijinta yana can sama, hawa ashirin da biyu tsakani. In ka kawo mata wando zif ya mutu tana tsakiyar cin abinci, ba komai. In ka kawo yadi ranar Laraba ka ce Alhamis kake so, ba komai. In ka zo karɓa ka ce hannun ya yi tsawo, alhali kai da bakinka ka ce a yi shi haka, sai ta ɗauki reza ta hau farkewa tana murmushi. Mutane na son mai irin wannan hali kamar yadda suke son famfon da ba a sa masa kwaɗo ba. Kowa yabonta yake yi, kuma kowa da 'yar ledarsa yake zuwa yabon.

Halin ya samo asali tun tana da shekara goma sha bakwai, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata abu biyu: keken ɗinki na ƙafa, baƙi, mai nauyin tsiya, da ƙanwa 'yar shekara huɗu da ake kira Auta. Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya fi sanin hanya a kan cikin gidansa. Saboda haka keken ya zama uba, ita ta zama uwa. Da shi ta ciyar da Auta, da shi ta sa ta makaranta, kuma ta yi wa kanta rantsuwa guda: ƙafar yarinyar nan ba za ta taɓa taka feda ba. Duk ranar da Auta ta kai hannu za ta murza keken, sai ta ji dundu a baya.

“Tashi ki ɗauki littafinki. Bayan mutum ɗaya ya isa ya lanƙwashe a gidan nan.”

Haka Auta ta girma, ta gama karatu, ta iya tarbar baƙo da harshe biyu, amma ko zare ba ta iya zura wa allura ba. Ba-Komai kuwa har alfahari take yi da hakan a gaban masu kawo ɗinki.

Mijinta makaniki ne, garejinsu na ƙarshen layi. Mutum ne marar yawan magana, mai baƙin farce da farar zuciya, wanda ya ɗauki duniya duk inji ce: in abu ya ƙi tafiya, ka nemo inda yake gogawa ka matsar da shi. Shi kaɗai ne ba ya ce mata Ba-Komai. Tela yake kiranta. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ciki uku, ɓari uku, duk a wata na biyar ko na shida. Ba ciwo, ba gargaɗi, sai dai ta ji nauyi a mara, kafin a kai asibiti an gama. Rabin jariran layin nan da rigunan da ta ɗinka aka fara ɗaukarsu hoto. Nata kuwa sau ɗaya ta taɓa ɗinka wa kaya, a cikin farko, daga baya ta tattara ta ba wata maƙwabciya, ba ta sake ba. In mata suka ce mata Allah ya kawo rabo, sai ta ce amin, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka keke.

A ciki na huɗu ne ta haɗu da wata likita mai farin gilashi da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta duba ta, ta sake dubawa, sannan ta sa aka kira makaniki daga baranda.

“Bakin mahaifarki ba ya riƙe nauyi,” in ji Likita. “Da zarar ɗa ya fara girma sai ya buɗe da kansa. Yanzu ma ya fara. Ɗinke shi za mu yi.”

Duk da haka, sai da Ba-Komai ta ce, “Ɗinki kuma, Likita? Na hannu ko na keke?”

“Na hannu. Ki yi haƙuri, ba zai kai naki kyau ba.” Likita ta yi 'yar dariya, sannan ta ɗaure fuska ta juya ga mijin. “Maigida, da kai nake yanzu. Ba hawa bene, ba ɗaga bokiti, ba shara, ba wanki, ba taka keke. Banɗaki kaɗai zai tayar da ita. Sati ashirin muke. Talatin da huɗu nake so. Ko ashirin da takwas muka samu, ina da abin da zan yi kokawa da shi. Ƙasa da haka, sai addu'a.”

Makaniki ya saurara da dukkan kunnuwansa, kuma abin da ya fi tsaya masa shi ne bene. Ya yi tunani irin nasa. Banɗaki da famfo suna ƙasa, ɗaki yana sama, ga hawa ashirin da biyu. To, ga inda yake gogawa. Kafin a sallame ta, ya kira abokan aikinsa biyu suka kwance gadon, suka sauko da shi, suka haɗa shi a ƙuryar shago. Ya ɗaura waya daga bango zuwa bango ya rataya labule. Ranar da ta dawo, ya tsaya a bakin ƙofa baki har kunne.

“Kin gani, Tela? Ba bene. Banɗaki taku goma. Ga iska, ga mutane suna wucewa, ba za ki kwanta ke kaɗai kina saƙe-saƙe ba.”

Ta dubi gadon, ta dubi keken da ya lulluɓe da tsohon zane, taku uku tsakaninsu. Ta dubi ƙofar da ke kallon titi. Shekara ashirin tana sana'ar nan, ta san abin da shi bai sani ba: tela in yana cikin shagonsa, ko a kwance yake, tela ne. Bakinta ya buɗe za ta faɗa masa. Sai ta ga yatsansa da ya ɗaure da tsumma, inda ƙarfen gadon ya datse shi, ta ga yadda yake jiran ta yaba.

“Ba komai,” ta ce. “Sannu da aiki, maigida.”

Wanda bai taɓa kwanciyar dole ba yana ɗauka hutu ne. A gefen hagu aka ce ta kwanta, an ɗaga ƙafafun gadon da bulo biyu, kafin sati ƙugunta ya fara raɗaɗi kamar an goga masa barkono. Rufin da ke kanta bayan matakala ne, saboda haka duk mai hawa da mai sauka a kanta yake takawa, har ta haddace tafiyar kowa. Da safe makaniki zai dafa shinkafar da rabi ta caɓe rabi ba ta nuna ba, ya cika filas, ya ajiye mata waya kusa da filo, ya tafi yana waiwaye. Daga nan sai ita da labule. Duk lokacin da cikin ya ɗan ɗaure sai ta riƙe numfashi ta zuba wa agogo ido. Taku goman nan zuwa banɗaki kuwa tafiya ce mai nisa, tana yi tana tallafe da mara, in ta shiga sai ta rufe ido tukuna kafin ta iya dubawa ko akwai jini.

Ta ɗauki tef ɗinta na awo ta rataye a ƙusa daidai fuskarta, ta soka fil a kan inci ashirin. Duk Talata da safe sai ta zare fil ɗin ta matsar da shi inci ɗaya. A kan talatin da huɗu ta yi alama da jan alli. Ita da ta saba wuce inci goma sha huɗu da bugun feda biyu, yau ga shi wata uku da kwanaki za ta yi kafin ta kai.

A sati na ashirin da uku aka kai ta hoton ciki, a kwance a bayan tasi, aka ce mace ce. Yarinyar ta fara shuri sosai a lokacin, Ba-Komai kan ɗora tafin hannu ta ce mata a hankali, “Yi zamanki, 'yar gari. Babu abin kallo a waje, ni na gaya miki.” A satin nan ne ta karya wata dokar, ba ta Likita ba, tata ta kanta. Ta jawo ragowar wani farin yadi mai laushi daga kwandon ƙyalle, ta yanka 'yar riga a kan cinyarta. Ba ta sa mata maɓalli ba don kada ya danne fata, igiya biyu ta yi mata a kafaɗa. Da hannu ta ɗinka, ƙanana-ƙanana, tana yi tana ɓoyewa ƙarƙashin filo, ko mijinta bai sani ba.

Makaniki ya rubuta “An rufe” a jikin kwali ya rataya. Amma zafi ba zai bari a rufe ƙofa ba, kuma kwali bai taɓa hana mai buƙata shiga ba. Satin farko dubiya suka zo, da lemo da ayaba. Sati na biyu suka fara zuwa da leda. Matar da ke da kanti a gefen shagon, wadda ake ce wa Mai Kanti, ita ta buɗe hanya.

“Sannu, Ba-Komai, ya jiki? Wallahi ba tashi za ki yi ba. Maɓalli ne guda ɗaya na rigar maigidana, kina kwance ma za ki sa.”

Ta sa. Washegari aka kawo aljihu ya ɓarke. Rana ta uku aka kawo siket a rage ƙugu. Kowa da kalmar da yake shigowa da ita ke nan, ba tashi za ki yi ba, kuma kowa in zai fita sai ya yi mata faɗa cewa ta kula da kanta. A bakin ƙofa akwai bokitin kwanukan da ke jiran makaniki ya dawo da yamma ya wanke. Tsallake shi suke yi su shigo, su tsallake shi su fita.

Gwaggon makaniki, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta haifi tara kuma ba ta yarda a manta ba, ta zo a sati na ashirin da huɗu. Ta yaye labule ta tsaya riƙe da ƙugu.

“Har yanzu kwanciyar ce?”

“Likita ce ta ce, Gwaggo.”

“Likita! Ni ranar da zan haifi na biyar sai da na wanke kayan gida kaf, na shanya, sannan na shiga ɗaki. 'Ya'yan yanzu dai jikinku kamar ƙwai. To, Allah ya raba lafiya.” Ta zauna a bakin gadon har katifar ta lotsa, ta buɗe jaka. “Ga zanen nan, bakinsa ne kawai ya zare. Ɗan kama min, tunda hannu ba ya cikin dokar likitan taku.”

Ranar, bayan Gwaggo ta tafi, Ba-Komai ta yi kuka. Kukan haushi ne, kuma rabin haushin na kanta ne, don ta ji da kunnenta lokacin da bakinta ya ce ba komai.

Auta fa? Auta ta yi alkawarin za ta dawo shagon da zama har a haihu. Ta zo kwana uku a jere, daga nan neman aiki ya ɗauke ta, sai ta koma leƙowa. Ba muguwa ba ce, kada a yi mata ƙazafi. Tana son yayarta har cikin rai. Amma yarinyar da aka rena shekara ashirin ba a taɓa barinta ta ɗauki tsintsiya ba, ba rana ɗaya idonta zai fara ganin shara ba. Za ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ido a kan waya, ta ce, “Yaya, akwai abin da zan yi miki?” Yayar kuma, ga bokiti ga shara ga filas ba ruwa, sai ta ce, “Ba komai, je ki abinki kada ki makara.” Wanda za a fi ɗora wa laifi a cikinsu, sai dai kowa ya zaɓa.

Ranar Talatar da ta matsar da fil zuwa ashirin da shida, makaniki ya fita tun bakwai. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci sai ga Auta ta faɗo shagon tana haki, rungume da baƙar kwat. Wani babban otal ne ya kira ta intabiyu, aikin tarbar baƙi, ƙarfe goma daidai, kuma an ce kowa ya zo da kwat. Ta aro ta ƙawarta, ba ta gwada ba sai da safen nan. Ta saka ta nuna: kafaɗun sun zubo, hannayen sun haɗiye yatsunta, sai ka ce yarinya ta shiga kayan babanta.

“Na zaga layi uku, Yaya, duk teloli ba su buɗe ba. Wata takwas ina neman wannan ranar!”

Ba-Komai ta taɓa yadin. Mai kauri ne, ga shafi a ciki. Da hannu sai ta kai azahar.

“Yaye zanen keken ki zauna,” ta ce. “Ni zan farke in kama da fil, ke ki bi layin alli kawai. Zan riƙa gaya miki.”

Haka Auta ta zauna a kan keken mahaifiyarsu karo na farko a rayuwarta. Ta taka, keken ya juya baya. Ta sake takawa, zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Yayar na kwance tana ta cewa, “A hankali, murza da hannu tukuna, gabanki za ki jawo, ba baya ba.” A karo na uku allura ta karye, ƙas! Agogo ya nuna tara saura kwata. Auta ta kifa kai a kan keken ta fashe da kuka, sannan ta ɗago da jajayen idanu.

“Ke kika hana ni koya! Duk ranar da na taɓa sai ki doke ni. Da kin bar ni, da yanzu ban tsaya ina kallonki kina kallona ba!”

Maganar ta shige ta, saboda gaskiya ce. Ta dubi tef. Ta ɗora hannu a ciki, ta ji shiru lafiya lau. Sati shida ba ɗigon jini. Ta ce a ranta, minti ashirin ne, kuma a zaune. Ta zuro ƙafafunta ƙasa.

“Yaya, a'a, Likita ta ce…”

“Ba komai. Matsa.”

Auta ta matsa, kuma ba ta sake cewa a'a ba.

Bel ɗin keken ya zame saboda juyin bayan da aka yi masa, sai da Ba-Komai ta durƙusa ta ja shi da ƙarfi ta mayar. Ta sa sabuwar allura, ta zura zare ba tare da ta duba ba, ta ɗora ƙafa. Keken ya ɗauka. A nan akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma shi ya fi cin ta har yau: ta ji daɗi. Bayan sati shida tana kwance kamar buhu, ana tsallake ta, ga ƙarar nan da ta sani tun tana yarinya, ga yadi na gudu ƙarƙashin yatsunta, ga bayanta a miƙe. Har wani ɗan amo take yi a maƙogwaro. Ta gama kafaɗu, ta gama hannaye, sannan ta ga ƙugun ma zai fi kyau in an ɗan kama shi, ta kama, alhali ba wanda ya roƙe ta. Minti ashirin ya zama arba'in. Auta ta saka kwat, ta yi juyi, ta rungume ta, ta fita da gudu.

Ba-Komai ta koma ta kwanta, ta ce wa yarinyar da ke cikinta, “Kin gani? Har mun gama.” Yarinyar ta yi shuri. Har azahar lafiya. Wajen ƙarfe uku ta ji nauyin nan a mara, wanda ta sani sarai, wanda ko cikin barci za ta gane shi. Ta ce ƙarya ne. Ta juya a hankali za ta ɗauki waya, sai ta ji ɗumi ya bi cinyoyinta ya jiƙa katifa. Faya ta fashe. Ta kira makaniki sau huɗu, yana ƙarƙashin mota ana tayar da inji, bai ji ba. Sai ta ɗauki almakashi ta riƙa dukan bango da shi har Mai Kanti ta shigo, ta ga abin da ake ciki, ta fita titi ba takalmi tana tare tasi.

A asibiti suka yi iyakar yinsu. Aka yi mata allurai, aka sa ruwa, aka cire ɗinkin da naƙuda ta ƙi tsayawa. Washegari da hantsi ta haihu. Ba ta ji kuka ba, wani ɗan sauti kawai ta ji kamar na kyanwa, sannan aka wuce da jaririyar da gudu aka sa ta a kwalbar bakwaini.

Kwana shida yarinyar ta yi a duniya. Kullum ana tura Ba-Komai a keken marasa lafiya zuwa gaban gilashin. Idon tela ba ya barin awo, tun kallon farko ta san tsawonta inci goma sha uku ne, ta kuma san rigar da ke ƙarƙashin filo za ta ɗauki irinta biyu. Fatar ja ce, siririya, ga wayoyi ko'ina. A rana ta huɗu nas ta bar ta ta zura hannu ta kafar kwalbar. Yarinyar ta kama kan ɗan yatsanta, daidai inda allura ta yi mata kanta, hannun gaba ɗaya bai zagaye shi ba. Ta ce mata, “Ai na gaya miki babu abin kallo. Amma tunda kin zo, ki zauna mana.” A rana ta shida da safe, kafin a turo ta, Likita ta shigo ɗakin da kanta, ba gilashi a fuskarta.

Da za a sallame ta, ta riƙe hannun rigar Likita ta faɗa mata komai, har da bel ɗin da ta durƙusa ta ja.

“Keken ne?”

Likita ta ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga waɗanda suka kwanta ko juyi ba su yi ba, suka rasa. Na ga waɗanda suka karya duk dokokina suka tafi gida da ɗa a hannu. Ban sani ba, 'yar'uwa.”

Da ta ce e, da Ba-Komai ta sami abin da za ta tsana. Da ta ce a'a, da ta sami barci. Sai aka ba ta ban sani ba, ta ƙulla a bakin zane ta taho da shi gida.

Ta tarar gadon ya koma sama. Makaniki shi kaɗai ya kwance shi ya hau da shi guntu-guntu, ya hana kowa taɓawa. A kan matakala, yana tallafe da ita, ya ce ba tare da ya dube ta ba, “Ni na sauko da ke, Tela.” Ta riƙe hannunsa ta matse.

Sama kuwa cike take da mata. Mai Kanti na wanke kwanuka. Gwaggo, mai 'ya'ya tara, ta ɗaura ɗamara tana share ɗaki har ƙarƙashin gado. Mai siket ta kawo abinci a kula biyu, matar mai aljihu na hawa da sauka da bokitin ruwa. Ba-Komai ta yunƙura za ta ɗauki kofi, hannu uku suka riga ta.

“Kwanta! Kada ki motsa!”

“Ke dai ki huta, komai za a yi miki.”

“Ɗanyen jiki gare ki,” in ji Gwaggo, tana gyara mata filo. “Ba a wasa da jiki, 'yar nan.”

Ta kwanta tana kallonsu. Ta ƙirga, mata goma sha ɗaya. Ashe duk sun san inda tsintsiya take. Ashe sun san hanyar famfo. Da kowace ta ɗauki yini ɗaya a waɗancan makonni, ta zauna a kujerar nan ta ce wa mai leda koma da abinka, da an zagaya sau huɗu ba wadda ta gaji.

Da la'asar Auta ta shigo. An ɗauke ta aikin, kuma daga can take, ba ta ma tsaya canja kaya ba, ko kuma ba ta yi tunanin ya kamata ba. Baƙar kwat ɗin na jikinta. Ta zube a gaban gadon ta kama ƙafar yayarta.

“Yaya, ki yafe min. Don Allah, Yaya.”

Duk suka tsaya. Gwaggo ta jingina tsintsiya. Sun san abin da zai biyo baya, shekara ashirin suna jinsa, kuma kowace a ɗakin tana buƙatarsa a ranar, ba Auta kaɗai ba. Kalma biyu ce, a faɗa kowa ya sauke numfashi ya tafi gida.

Ba-Komai ta dubi ƙanwarta. Ta miƙa hannu ta shafa kafaɗar kwat ɗin, ta bi layin ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa. Ko karkata babu.

“Ta zauna miki,” ta ce. Sannan ta juya fuskarta bango.

Suka jira. Mai Kanti ta yi gyaran murya. Ba ta ƙara ko harafi ba.

Bayan wata biyu ta buɗe shago. Ba ta rabu da Auta ba, suna gaisawa, in ta zo ana ba ta kujera. Amma masu kawo ɗinki sun ce ta canja hali. In ka ce Alhamis kake so, sai ta ce Litinin, in bai yi maka ba ga hanya nan. In tana cin abinci sai ka jira ta wanke hannu. Sunan ma ya fara yi wa mutane nauyi a baki, yawanci yanzu Tela suke cewa, kamar mijinta. Ta sayi sabon tef. Tsohon na nan a ƙusarsa, fil a kan ashirin da shida, jan alli a kan talatin da huɗu.

Kowane shagon tela yana da igiyar da ake rataye kayan da masu su suka manta. A tata igiyar, tsakanin wani wando da wata doguwar riga, akwai 'yar farar riga mai igiya biyu a kafaɗa, cikin leda don kada ta yi ƙura. Kwanaki wata baƙuwa mai tsohon ciki ta shigo, idonta ya faɗa kanta.

“Kai, wannan ta yi kyau! Ɗinkin hannu ne? Sayar min mana.”

“Da mai ita,” in ji Tela, ba ta ɗago daga keken ba.

“To ta daɗe a nan, ga ledar har ta dafe.”

Ƙafarta ta tsaya a kan feda.

“Ta zo,” ta ce. “Ba ta samu ta karɓa ba ne.”